Muhawara: Wa ke gaya wa zuciyar ɗan tayi yadda za ta ginu?

Ɗalibar Likitanci, Shika:
Assalamu alaikum malamaina. Akwai abin da ya ɗaure mini kai a darasin ginuwar zuciya. An ce duk sel ɗin jikin ɗan tayi ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne. To ta yaya wannan zai san shi tsokar zuciya zai zama, wancan kuma shimfiɗar cikin jijiya, wani ya zama bawul? Kuma me ya sa ake ta nanata mana sunaye irin su VEGFR2 da Notch, alhali a gadon asibiti ramin zuciya ake gani, ba su ba?

Malamin Anatomi, Samaru:
Wa alaikumus salam 'yata. Sel bai san kansa ba sai an gaya masa, kuma maƙwabtansa ne ke gaya masa. Abin da yake jin maganar da shi furotin ne da ke dashe a tantaninsa, kansa a waje, jelarsa a ciki. Mu kira shi makarɓi. Saƙo ya zo ya zauna a kan, jelar ta motsa, umarni ya bi layi har cibiyar sel, a buɗe wasu ƙwayoyin gado a rufe wasu. Littafin ɗaya ne a hannun kowa, makarɓi ne ke nuna shafin da za a buɗe.

Ki fara riƙe lokaci, domin komai a kansa yake. Daga ranar da ciki ya shiga: a mako na 3 ake haɗa bututun zuciya, wajen kwana na 22 ya fara bugawa, daga kwana na 23 zuwa 28 ya lanƙwashe zuwa dama, sannan daga mako na 4 zuwa ƙarshen na 8 a gina bangayen da suka raba ta ɗaki huɗu. Lissafin masu awo daga hailar ƙarshe yake farawa, don haka ki ƙara mako biyu. Wato lokacin da mace take cewa ta yi ɓatan wata da mako ɗaya, zuciyar tana gab da fara bugawa.

Likitar Mata, Kongo:
Allah ya gafarta Malam, wannan lissafin shi ne abin da ya fi damuna. Mafi yawan matanmu sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar suke fara zuwa awo. A lokacin an gama ginin bangaye tun tuni. Mai ciwon suga da ba a daidaita mata ba kafin ciki, ɓarnar da za a yi wa zuciyar an riga an yi.

Malamin Anatomi, Samaru:
Haka ne Hajiya. Bari in fara da jijiyoyi, don a nan aka fi gane aikin makarɓa.

Saƙon shi ne VEGF. Napoleone Ferrara ya tsamo shi a 1989, bayan da rukunin Harold Dvorak suka gan shi tun 1983 a matsayin abin da ke sa jijiya yoyo. Idan ya zauna a kan makarɓinsa VEGFR2, makarɓa biyu su manne wuri ɗaya, jelar kowanne ta liƙa wa ta ɗan'uwanta fosfet, daga nan sel ya fara rabuwa, ya yi tafiya, ya ƙi mutuwa. A 1995 an cire wa ɓeran gwaji VEGFR2, sai tayin ya mutu tsakanin kwana na 8 da na 10, babu jijiya babu jini. A shekarar kuma aka cire VEGFR1, wani makarɓin VEGF ɗin, aka zaci abu ɗaya za a gani. Sai ga akasi: sel ɗin jijiya sun yi yawa, sun cunkushe hanyar, ba bututun kirki. Dalili shi ne VEGFR1 ya fi VEGFR2 riƙe saƙon da kusan ninki goma, amma jelarsa ba ta da ƙarfin isar da shi. Aikinsa ya tsotse rarar.

Abin da ya fi ba masana mamaki ya zo a 1996. An cire kwafi ɗaya kacal daga cikin kwafi biyu na ƙwayar gadon VEGF, tayin ya mutu wajen kwana na 11 zuwa 12. A yawancin ƙwayoyin gado kwafi ɗaya ya isa a rayu. Nan rabin saƙo bai wadatar ba. Ba samuwar saƙon kaɗai ake dubawa ba, har da awonsa.

Ɗalibar Likitanci, Shika:
To Malam, idan VEGF ya isa wuri, ai duk sel ɗin da ke wurin suna da VEGFR2. Me zai hana su tsiro gaba ɗaya?

Malamin Anatomi, Samaru:
Madalla da wannan tambaya. Nan Notch ya shigo. Wanda ya fi jin VEGF a cikinsu shi ne zai zama ja-gaba. Sai ya fito da wani furotin a fatarsa mai suna DLL4, ya taɓa Notch1 na maƙwabcinsa. Notch ba irin sauran makarɓa ba ne, yanka shi ake yi. Furotin biyu ne ke yankan: ADAM10 ya yanke shi ta waje, gama-sikiretes ya yanke shi a cikin tantani, guntun jelar ya tafi cibiya da kansa ya buɗe ƙwayoyin gadon HEY da HES. Sakamakon haka maƙwabcin ya rage VEGFR2 ɗinsa, ya ƙara VEGFR1, ya zama ɗan rakiya. Ja-gaba ya miƙa 'yan yatsu yana lalubar inda oksijin ya yi ƙaranci, 'yan rakiya suna rabuwa a bayansa suna buɗe rami.

Idan aka toshe DLL4, kowa ya ce shi ne ja-gaba. Rassa su yi yawa, jini ya kasa gudana. Duk wanda ya san lambunan bakin kogin Galma na Zariya ya san haka: mai ban-ruwa ya fasa magudanai barkatai daga kwata ɗaya, ruwan ba zai kai ƙarshen fage ko ɗaya ba.

Bayan an buɗe bututu sai a ɗaure shi. Sel ɗin jijiya su saki PDGF-B, wasu sel masu makarɓin PDGFR-beta su zo su naɗe bututun ta waje, su kuma su mayar da anjiyopoyetin-1 ga makarɓin Tie2, mahaɗai su ƙulle. In babu wannan, jijiyar ta yi ƙulu-ƙulu ta fashe. Kuma tun kafin jini ya fara gudu an fara bambanta su: mai kai jini tana ɗauke da efrin-B2, mai dawo da shi tana ɗauke da EphB4, kuma a inda suka haɗu su ne ke tsare iyaka. An nuna wannan a 1998.

Likitan Zuciya, Hanwa:
Malam, ina da ja a nan. Yadda aka jero abin, ɗaliba za ta ɗauka kowane ramin zuciya akwai makarɓin da ya lalace a bayansa. Ba haka ba ne. Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da matsalar ginin zuciya, kuma a mafi yawansu ba a samun ƙwayar gado guda da za a nuna. Ko a waɗanda aka gano, da dama furotin ne na cikin cibiya, irin su NKX2-5 da GATA4 da TBX5, ba na fatar sel ba. Ga kuma TBX1 a yaran da suka rasa guntun kuromosom na 22. Sannan gudun jinin kansa yana sassaƙa zuciya. Ɗakin da jini bai wadace shi ba a ciki, ba ya girma.

Ɓera kuma ba mutum ba ne. Cire ƙwayar gado ɗungurungum a ɗakin gwaji daban, 'yar tawaya a ƙwayar gadon mutum daban.

Malamin Anatomi, Samaru:
Dakta, na karɓi biyu daga ciki. Amma maganar gudun jini ta ƙarfafa tawa ce. Da me sel ke jin jinin yana wucewa? Da Piezo1, wata 'yar ƙofa a tantani da ke buɗewa idan an ja shi, kalsiyam ya shiga. Aikin da ya kai Ardem Patapoutian ga kyautar Nobel ke nan a 2021. Tayin ɓeran da ba shi da ita yana yin jijiyoyin farko, amma ya kasa gyara su su zama manya da ƙanana, sai ya mutu a tsakiyar ciki. Su kuma GATA4 da NKX2-5, wa ya tashe su tun farko? Saƙon BMP da FGF ne daga maƙwabta, ta makarɓansu.

A mutum ma akwai misalai tsayayyu. JAG1, ɗaya daga masu taɓa Notch, kwafi ɗaya ya lalace a samu ciwon Alagille: rassan jijiyar huhu sun tsuke, hanyoyin matsarmama sun yi ƙaranci, yaro yana shawara da ƙaiƙayi. An gano haka a 1997. A 2005 aka danganta NOTCH1 da bawul ɗin ayota, wato babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, mai ganye biyu maimakon uku a wasu iyalai. ALK1 ko endogilin ya samu tawaya, jijiya mai kai jini ta haɗe kai tsaye da mai dawo da shi, mutum ya yi ta haɓo tun yana yaro, kuma a ga irinsa a dangi.

Likitan Zuciya, Hanwa:
A wasu iyalai, Malam. A riƙe wannan kalmar. Masu bawul mai ganye biyu suna da yawa, kaɗan ne cikinsu NOTCH1 ya bayyana nasu.

Amma zan ba ka misalin da na fi yarda da shi, don ya fito daga ɓera ya shigo asibiti. Kafin a yi jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, tsokar tana samun oksijin ne ta hanyar yin saƙa-saƙa a cikin ɗakunan ƙasa, jini yana ratsa ta. Shimfiɗar cikin zuciya ce ke sakin niyuregulin-1, tsokar ta karɓa da ErbB4 da ErbB2. Cire kowanne cikin ukun, saƙar ba ta yiwuwa, tayin ɓera ya mutu wajen kwana na 10 da rabi. To ErbB2 shi ne HER2 ɗin da ake aunawa a sankarar mama. Maganin trastuzumab toshe shi yake yi, shi ya sa ƙarfin bugun zuciyar wasu mata ke raguwa, musamman idan an haɗa da wani maganin sankara, doksorubisin. Don haka ake yin eko, wato hoton zuciya, kafin a fara, a maimaita kusan duk wata uku. Makarɓin da ya gina zuciya bai yi ritaya ba bayan haihuwa.

Likitan Yara, Tudun Wada:
Ku ba ni dama in sauko da maganar ɗakin jarirai. Ƙanwata mai tambaya, makarɓin da za ki fi haɗuwa da shi a aiki shi ne EP4.

A ciki huhu ba ya aiki, don haka akwai 'yar gada tsakanin jijiyar huhu da ayota, wato daktus, jini yana bi ya tsallake huhu. Tsokar bangonta so take ta tsuke. Abin da ke hana ta shi ne furostagilandin E2, wanda mabiyiya ke samarwa da yawa, yana zama a kan EP4 yana sassauta tsokar, ga kuma ƙarancin oksijin. Da an haihu aka yanke cibi, mabiyiya ta tafi, huhu ya buɗe ya fara lalata furostagilandin ɗin da ya rage, oksijin ya hau. A jaririn da ya cika wata, gadar tana tsukewa cikin kwana 1 zuwa 3, ta toshe gaba ɗaya cikin mako 2 zuwa 3.

Hannu biyu muke da shi a kanta. Bakwaini, musamman ɗan ƙasa da mako 28, tasa takan ƙi rufewa, jini ya yi ambaliya a huhu. Idan an yanke shawarar rufewa, ibufurofen miligiram 10 a kowane kilo ranar farko, sannan 5 da 5 a tazarar awa 24. Ko farasitamol miligiram 15 a kowane kilo duk awa 6 na kwana 3. Ba a ba da ibufurofen idan fitsari ya ragu, ko yaro yana zubar da jini, ko hanji ya kumbura. Ɗaya hannun kuma: akwai jariran da ransu ya rataya a kan gadar, kamar wanda manyan jijiyoyinsa biyu suka yi musayar wuri, ko wanda bawul ɗin huhunsa ya toshe. Su sai a ɗaura musu alfurostadil, wato furostagilandin na magani mai riƙe gadar a buɗe, a jijiya, maikirogiram 0.05 zuwa 0.1 a kowane kilo a minti, a rage zuwa 0.01 idan ta buɗe. Kusan 1 cikin 10 numfashinsa kan ɗauke, don haka kayan taimakon numfashi su kasance a gefen gado.

Kuskure mafi muni shi ne a ji ƙara a ƙirjin jariri a ba shi ibufurofen ba tare da eko ba. In ya kasance cikin rukuni na biyu, an rufe masa ƙofa ɗaya tilo da yake da ita.

Likitan Zuciya, Hanwa:
A ƙara da cewa ba kowace gadar bakwaini ake rufewa ba. Manyan gwaje-gwajen da aka yi a Turai a 'yan shekarun nan sun nuna jira da lura bai gaza ba da magani da wuri ba. Da yawa suna rufewa da kansu.

Likitan Yara, Tudun Wada:
Gaskiya ne Dakta, amma a can jira yana nufin eko duk 'yan kwanaki da na'urar numfashi a kusa. Inda babu waɗannan, ni ina ganin yaron da ke haki, bugun jijiyarsa yana tsalle, nauyinsa ya tsaya, kuma eko ya nuna babbar gada, bai kamata a bar shi da sunan jira ba.

Mai Harhaɗa Magunguna, Sabon Gari:
Dakta, wannan hanyar ce ta sa nake yawan magana a kan maganin ciwon jiki. Mai ciki ta shiga kemis da ciwon baya, a haɗa mata diklofenak ko ibufurofen, wani lokaci duka biyu a ƙulli ɗaya. Suna tsallake mabiyiya, su hana yin furostagilandin, EP4 ya zauna babu saƙo. Daga wajen mako na 30 gadar tana iya tsukewa tun a ciki, ɗakin dama na zuciyar tayin ya sha wahala, a haifi yaro da hawan jinin huhu. Tun daga mako na 20 ma suna rage fitsarin tayi, ruwan mahaifa ya ja baya. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta ja kunne a kan haka. Farasitamol ya fi aminci.

Na biyu, maganin hawan jini. Lisinofiril yana rage anjiyotensin, saƙon da ke tsuke jijiya, losatan kuma yana toshe makarɓinsa AT1. Ƙodar tayi tana buƙatar wannan saƙon. A wata na 4 zuwa sama, sakamakon shi ne ƙoda ta lalace, ruwa ya ƙafe, huhu ya kasa girma, ƙashin kai ya ƙi cika. Duk macen da ke shan su kuma tana neman haihuwa, ta ga likita a sauya mata zuwa metildofa, nifedifin ko labetalol. Kada ta daina shan magani kawai ta zauna.

Likitar Mata, Kongo:
A ware asfirin ƙarami daga wannan hukunci don Allah, kada wata ta karanta ta jefar da nata. Miligiram 75 zuwa 150 a rana, daga mako na 12, ga wadda ke cikin haɗarin hawan jinin ciki da jijjiga, wannan da gangan muke ba da shi.

Kuma tunda Malam ya ambaci VEGFR1 mai tsotse rara, ga inda ya shafe ni. Akwai nau'insa marar saiwa, mai yawo a jini, sFlt-1. Mabiyiyar da jini bai ishe ta ba tana zuba shi da yawa a jinin uwa, ya kame VEGF da ɗan'uwansa PlGF. Jijiyoyin uwa su rasa saƙon da ke kula da shimfiɗarsu, jini ya hau, matatar ƙoda ta fara zubar da furotin, jiki ya kumbura. Rukunin Ananth Karumanchi ne suka nuna haka a 2003. Shi ya sa magani na gaskiya shi ne fitar da mabiyiya, sauran duk sayen lokaci ne.

Ungozoma, Ƙofar Doka:
Ranku ya daɗe, ina biye da ku. To ciwon zuciyar nan na masu jego fa, da ƙafa ke kumbura mace ta kasa kwanciya sai a zaune? Mu an koya mana wankan jego ne da kunun kanwa. Yana da alaƙa da wannan?

Likitan Zuciya, Hanwa:
Anti, wannan ciwon a duniyar likitanci an daɗe ana danganta shi da Zariya. Davidson da Farfesa Eldryd Parry sun yi nazarinsa a nan a shekarun 1970, suka danganta shi da kanwa mai yawa, da wankan ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Bayanin yana da ma'ana: gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi yana buɗe jijiyoyin fata, zuciya ta yi aiki ninki.

Abin da aka ƙaro daga baya shi ne ɓangaren jijiyoyi. A ƙarshen ciki sFlt-1 yana hawa ko a lafiyayyar mace, ya fi hawa a mai hawan jinin ciki. Sannan hormon ɗin nono, furolaktin, ana iya yanka shi ya bar guntu da ke kashe ƙananan jijiyoyin zuciya. Tsoka ta rasa masu ciyar da ita. Binciken asibitocin Najeriya na baya-bayan nan ya fi nuna yatsa ga hawan jinin ciki da rama da talauci, fiye da al'adun jego.

Likitar Mata, Kongo:
Ban yarda a wanke kanwa ba, Dakta. Zuciyar da jijiyoyinta suka riga suka raunana, a ɗora mata gishiri kullum har kwana arba'in, ai ko ba ita ta kawo ciwon ba, ita za ta fito da shi fili. Anti, ki ci gaba da cewa a rage ta.

Likitan Zuciya, Hanwa:
A kan ragewa ba mu da saɓani, Hajiya. Abin da nake gudu shi ne a ce wa mace ta bar wanka kawai, a manta da auna mata jini a makon farko bayan haihuwa. Akwai kuma buromokiriftin, wanda ke zama a kan makarɓin dofamin D2 ya tsayar da furolaktin. Ana amfani da shi a wasu ƙasashe tare da maganin hana daskarewar jini. Sai dai yana ƙafar da nono, kuma a gidan da madarar gwangwani da tsaftataccen ruwa suka fi ƙarfinsu, wannan ba ƙaramar shawara ba ce.

Ungozoma, Ƙofar Doka:
Na gode. Sai tambaya ɗaya ga likitan yara. Waɗancan jariran da ka ce ransu yana kan gadar, ta yaya za mu gane su kafin a sallami uwa, tunda ba mu da eko?

Likitan Yara, Tudun Wada:
Da na'urar auna oksijin ta yatsa, Anti, amma mai madauri irin na jarirai, ta manya ba ta zama. Bayan awa 24 da haihuwa, ko dab da sallama idan za a tafi da wuri, ki auna hannun dama da ƙafa ɗaya. Hannun dama yana samun jini kafin mahaɗar gadar, ƙafa kuma bayanta, shi ya sa ake haɗa su. Ƙasa da kashi 90 cikin 100 a ko'ina, a tura shi nan take. Tsakanin 90 da 94, ko bambancin da ya wuce 3 tsakanin hannu da ƙafa, ki sake bayan awa ɗaya, in bai gyaru ba a tura. Ki tabbatar ƙafar da ɗumi kuma yaro ba kuka yake ba, in ba haka ba lambar za ta yaudare ki. Ki haɗa da taɓa bugun jijiya a matse-matsinsa, domin tsukewar ayota takan wuce wannan awon ba a kama ta ba. Kada a dogara da launin fata, shuɗi ba ya saurin nunawa a jariranmu, a duba harshe da dasashi. Kuma a gaya wa uwa kafin ta tafi: in ya fara haki, ko gumi wajen shan nono, ko ya saki nono a kwana na 2 zuwa makonni biyun farko, a dawo da shi a ranar, kada a jira suna.